Sensar auna zafi ta ɗaurawa a bayan fayif, babu huda babu walda: yadda na same ta a wajen aiki

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ta yi yawa daga masu ƙananan masana'antu da 'yan uwana masu gyaran inji a kan sensar nan da ake ɗaurawa a bayan fayif tana nuna zafin abin da ke gudu a ciki ba tare da an huda komai ba, wai da gaske tana aiki ko kuwa cin kuɗin mutane ne kawai. To amsata ita ce tana aiki, kuma ta ci kuɗinta, amma fa ba a kowane fayif ba, ba kuma don kowane irin aiki ba, sannan rabin ingancinta yana hannun wanda ya ɗaura ta ne. Akwai kuma wuri guda da ban yarda kowa ya dogara da ita ba ko da kyauta aka ba shi, zamu zo wajen.

Ni sana'ata kula da injina ce, boila, famfunan turo ruwa, injin sanyi, wayarin ɗin fanel da sauransu, ina zagaye ne tsakanin wani ƙaramin kamfanin yogot a Sharada nan Kano da wani injin shinkafa ta hanyar Haɗeja, wani lokaci kuma masu matsar man gyaɗa na Dakata su kira ni in abu ya tsaya musu. Duk wuraren nan uku na ɗaura ta na ga halinta.

A Sabon Gari na saye ta, wajen masu sayar da kayan wuta na masana'antu, 'yar Chana ce irin waɗanda suna ɗaya a kwali wani suna daban a jiki. Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa. Akwai ita sensar kanta a cikin wani ɗan guntun ƙarfe da aka lanƙwasa cikinsa yadda zai kwanta a jikin fayif, sai ɗamarar ƙarfe mai sukuru irin kilif ɗin da ake ɗaure tiyon lagireto da shi, sai waya mai tsawon mita 2 mai zare uku a ciki, sai ƙaramin allo mai jajayen lambobi da ake sakawa a fanel. Irin sensar ita ce Pt100, wato ɗan siririn ƙarfen filatinam ne a ciki wanda turjiyarsa ga wutar lantarki take ƙaruwa idan ya ji zafi, da om ake auna turjiyar, om 100 ne a digiri 0, ya kai om 138.5 a digiri 100, shi allon aikinsa kawai ya auna om ɗin ya juya shi zuwa digiri. Fasaha ce tsohuwa da ba ta ƙarya, ba ni da wani ƙorafi a kanta ita kanta. Yaron shagon ce min ya yi "Yallaɓai kawai ɗaurawa zaka yi ka manta da ita", to wannan maganar tasa ita ce ba haka take ba.

Kafin nan, me ma ya sa mutum zai guji huda fayif? Hanyar da aka gada ita ce a huda, a yi waldar soket, a zura wani kube na ƙarfe da masu sana'a ke ce wa tamowel har tsakiyar ruwan, sai a saka sensa a cikin kuben. Ita ce tafi faɗin gaskiya har gobe. Amma duk wanda ya taɓa yin aikin a kamfanin da ke gudana ya san me ake ciki, sai an tsayar da aiki, a zubar da abin da ke cikin layin, a jira ya huce, in sitenles ne a nemo mai waldar agon, wato waldar da ake yi da iskar gas ta agon, kuma mai waldar agon mai hannu mai kyau ba a kowane lungu ake samunsa ba, in kuwa waldar ta yi kaushi daga ciki to ka samar wa madara wurin maƙalewa tana ruɓewa wanki baya kai wa gare ta. A layin tururi kuma kowace huda wata ƙofar yoyo ce ka buɗe da hannunka. Ga fayif ɗan siriri mai inci ɗaya, shi kuben kansa tare hanyar ruwan yake yi. Mai kamfani kuma da ya ji an ce a tsayar da aiki wuni guda ransa ya ɓaci kenan, kuma yana da gaskiyarsa, albashin ma'aikata da dizal basa jira.

Akwai ma abin da yawancinmu bamu cika tunawa ba, ruwa mai gudu da ƙarfi yana kaɗa kuben nan yana rawa a hankali har wata rana ya gaji ya karye. Haka ta faru a tashar nukiliya ta Monju a Japan a watan Disamba 1995, kuben ma'aunin zafi ne ya karye narkakken sodiyam ya zubo ya kama da wuta, ba a sake kunna tashar ba sai 2010. A shekarar 2010 ɗin ne kuma ƙungiyar injiniyoyin Amurka ASME ta fitar da sabuwar ƙa'ida ta lissafin ƙarfin tamowel. Mu dai namu ruwan zafi ne da madara ba sodiyam ba, amma kaga dalilin da yasa manyan kamfanoni ma suke neman hanyar da ba sai an huda ba.

Yanzu abin da nake so kowa ya riƙe kafin ya ba da kuɗinsa, sensar nan zafin bayan fayif take aunawa, ba ta taɓa ruwan da ke ciki. Kamar uwa ce ta ɗora bayan hannu a goshin yaro, za ta gane akwai zazzaɓi kuma sau da yawa ta yi kusa da gaskiya, amma in yaron ya daɗe a gaban fanka goshin zai ruɗe ta. Zafin sai ya fito daga ruwan ya shiga bangon fayif, ya ratsa ƙarfen, ya tsallaka ɗan gibin da ke tsakanin fayif da sensa, a duk matakin nan kuma wani abu yana raguwa, ta ɗaya gefen kuma iskar ɗakin tana jan zafin sensar tana tafiya da shi. Shi yasa irin fayif ɗin yake da muhimmanci sosai. A ma'aunin da ake gwada yadda abu ke wuce da zafi, jan ƙarfe yana wajen 400, baƙin ƙarfe wajen 50, sitenles wajen 16, fayif ɗin roba na PVC kuwa ko 0.2 bai cika ba. Dubi tazarar da kyau. Sitenles duk da ya yi ƙasa bangonsa siriri ne a layin madara shi yasa yake ba da haɗin kai, roba kuwa ita kanta abin tare zafi ce.

Gwajin da na fi yarda da shi a Sharada na yi shi, saboda akwai layin ruwan zafi da dama can yana da tamowel da ma'auni mai kyau, ruwan yana gudu a wajen digiri 85, sai na ɗaura ta kusa da shi in ga ko bakinsu zai zo ɗaya. Da gangan na fara ɗaura ta tsirara yadda yaron shago ya ce, ta nuna ƙasa da gaskiya da digiri biyar zuwa shida, da yarona ya juyo da babbar fankar ɗakin ta wajen kuwa sai ga lamba tana ƙara zamewa ƙasa muna kallo alhali ruwan bai canja ba. Sai na kwance, na goge wurin, na shafa farin man nan da masu gyaran kwamfuta ke shafa wa firosesa, a Farm Centre ake samunsa da araha, na ɗaure da kyau na rufe da audugar gilas mai kauri na naɗe da takardar alminiyam, muka ba ta lokaci ta zauna. Bambancin ya dawo bai wuce digiri ɗaya ba, fanka kuma ta daina tasiri. Wallahi na ji daɗin abin, don sensa ɗaya ce waya ɗaya allo ɗaya, ɗauri ne kawai ya canja.

Saboda haka bari in tsaya a kan ɗaurin, don a nan ne mutane ke asarar kuɗinsu su koma suna zagin kaya. Fenti da tsatsa dole su tafi, a sa samfefa a goge har ƙarfe ya fito fes, wurin kuma ya zama babu tudun walda ko lotsawa. Man firosesa kaɗan ake so, iya wanda zai cike gibin iska, ba a lafta shi kamar giris ba. A fayif ɗin da ke kwance ni a gefe nake ɗaurawa, don ta sama iska tana iya taruwa in layin bai cika ba sai ka zo kana auna iska, ta ƙasa kuma laka da dattin ruwa suke kwanciya, a layin tururi kuma ruwan da tururin ya koma nan yake bi. In akwai fayif a tsaye da ruwa ke hawa sama to shi yafi, kullum a cike yake. A nisanta ta da bawul da filanja, wato faifan ƙarfen da ake haɗa fayif biyu da shi da notina, da ƙarfen da ke riƙe da fayif a bango, duk waɗannan manyan ƙarafa ne masu zuƙe zafi. Rufin kuma kada ya tsaya iya kan sensar, a ja shi ya wuce ta da tazara hagu da dama, sannan ita kanta wayar a kwantar da ɗan tsawonta a jikin fayif a ƙarƙashin rufin kafin ta fito, saboda jan ƙarfen da ke cikin waya shi ma hanya ce da zafi ke bi ya gudu. Wannan na ƙarshe kusan babu mai yi, kuma takardar da ke cikin kwalin ko ambatonsa ba ta yi ba.

Yanayin garin nan ma yana da hannu a ciki. Kuskuren sensar yana girma ne daidai da tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da zafin ɗakin, don haka da asuba a tsakiyar hunturu ga iska tana shigowa ta ƙofar lodi sai ta fi nuna ƙasa, a watan Afrilu kuwa da ake haura digiri 40 a inuwa ga kwano a sama sai ta matso kusa da gaskiya. A layin ruwan sanyi abin juyawa yake yi, ta nuna sama da yadda yake, kuma a nan audugar gilas ba ta da amfani don fayif ɗin yana gumi ta jiƙe, baƙar robar nan mai laushi da masu AC ke rufe fayif da ita ita ce daidai, a liƙe bakinta sosai kada iska ta shiga. Wanda fayif ɗinsa ke waje rana na dukansa kuwa in bai rufe ba to zafin rana zai rinƙa karantawa.

A injin shinkafa ta burge ni fiye da yadda na zata. Tururi idan yana komawa ruwa a jikin bango yana ba da zafinsa sosai, kuma akwai hanya mai sauƙi ta gane ko lambar gaskiya ce, domin zafin tururin boila yana tafiya ne da matsinsa, in agogon matsi yana kan bar 5 (bar shi ne ma'aunin matsi) tururin yana wajen digiri 159, in yana kan bar 10 kuwa wajen 184. Da na rufe ta da kyau lambarta tana bin agogon kusa da kusa. Inda tafi amfani kuma shi ne wajen tarkon nan da ke fitar da ruwa ya riƙe tururi, in ka ga fayif ya yi sanyi kafin tarkon to ya toshe ruwa ya taru a baya, kuma irin wannan ne ke sa fayif yana buga kansa kamar ana dukansa da guduma. Haka ruwan jiƙa shanshera, wanda ake so ya tsaya a tsakanin digiri 60 da 70, da can da hannu da ido ake yi, yanzu mai kula da tankin yana kallon allo daga nesa ba sai ya je kusa da tururi ba, wannan kaɗai a wajena ya biya kuɗinta don na ga ƙunar tururi a hannun yaran injin ba sau ɗaya ba. Abu guda, wayar da ta zo da ita rigar roba ce ta talaka, ba ta jure zafin layin tururi, sai da na canja ta da mai rigar zaren gilas. Duk mai son ta don tururi ya duba iyakar zafin da aka rubuta wa sensar da kuma na wayar, biyun daban suke.

A Dakata kam ba ta yi abin kirki ba. Man gyaɗa yana da kauri, tafiyarsa a hankali take, wanda ke gefen bango ya huce ya kwanta na tsakiya mai zafi yana wucewa abinsa basa gauraya, sai ta rinƙa nuna ƙasa kuma tana jinkiri sosai, bambancin ma ba tsayayye bane balle ka ce zaka riƙe shi a ka. Ruwa mai gudu da ƙarfi yana juyawa shi take so. A fayif ɗin PVC ma haka, ban ba kowa shawara ba sai dai in zai yanke ya saka guntun ƙarfe a tsakani, to in an kai ga yanka kuma ai gara tamowel ɗin. Iska mai zafi ta na'urar busarwa ita ma ba wurinta bane.

Sai maganar waya. Mita 2 bata kaiwa ko'ina a masana'anta, dole a ƙara, kuma nan ma akwai tarko. Kowane digiri ɗaya a Pt100 om 0.385 ne kacal, wato in wayar da ka ƙara ta kawo turjiyar om ɗaya ta kanta allon zai ƙara maka kusan digiri biyu da rabi na ƙarya. Zare na ukun nan an sa shi ne don allon ya auna turjiyar wayar ya cire ta. Na tarar da inda wani ya ga zare uku ya ce biyu sun isa ya ƙara da wayar ƙwan fitila ya murɗe da hannu ya naɗe da salatif, lambar tana ta yawo. A ƙara da waya mai zare uku masu kauri ɗaya, a haɗa a cikin akwati da sukuru, kuma kada a bi da ita kwata ɗaya da manyan wayoyin mota da na imbata.

Kafin ɗaurawa kuma a gwada ta, abu ne na minti kaɗan. A daka ƙanƙara a cika kofi a zuba ruwa kaɗan a juya, a tsoma kan sensar a cikin leda don kada ruwa ya shige ta, ya kamata ta nuna sifili ko kusa da shi ƙwarai. Tawa ta nuna daidai gwargwado. Masu gwadawa da tafasasshen ruwa kuma su sani cewa a Kano ruwa baya kaiwa 100 kafin ya tafasa, garin yana sama da teku da kusan mita 480, a wajen digiri 98 da ɗoriya yake tafasa, don haka in ka ga 98 kada ka ce ta lalace ka je ka ƙara mata biyu a saiti, kai ne zaka ɓata ta da hannunka.

Wasu za su ce ai ga bindigar auna zafi irin wadda aka rinƙa nuna mana a goshi lokacin korona, akwai ta masana'antu, ta fi araha kuma ba ɗauri. Ina da ita kuma ina amfani da ita, amma a kan sitenles mai sheƙi ƙarya take yi ƙarara. Ita hasken zafin da jiki ke fitarwa take karantawa, yawancinsu kuma an saita su a 0.95 wanda ya dace da abu mai duhu ko mai fenti, ƙarfe mai ƙyalli kuwa kaɗan yake fitarwa sauran duk hoton zafin abin da ke kewaye yake maido mata, sai ka ga fayif da ba ka iya taɓawa ta ce maka digiri arba'in da wani abu. In dole ne a liƙa baƙin salatif na masu wayarin a jikin fayif a bari ya ɗau zafi a auna a kansa, kuma a matso kusa, don jan ɗigon nan nuni ne kawai, da'irar da take aunawa tana faɗi in ka ja baya, wadda aka rubuta wa 12:1 daga nisan mita ɗaya da ɗan kai faɗin santimita 10 take haɗawa, fayif ɗan siriri ya ɓace a ciki. Don leƙe na minti ɗaya ta yi, don sa ido wuni guda ta ɗaurawa ta fi ta nesa ba kusa ba.

To mun zo wurin da nace. Da mai kamfanin yogot ɗin ya ga sakamakon layin ruwan zafi sai ya ce min "Injiniya, tunda abin ya yi kyau haka mu ɗaura irinta a layin dafa madara mana mu huta da maganar walda." Nace "Alhaji ka yi haƙuri, a ko'ina zan ɗaura maka ita amma banda a ce ita ce alƙali a nan." Dafa madara don kashe ƙwayoyin cuta yana da ƙa'ida sananniya, mafi ƙaranci digiri 72 na daƙiƙa 15, ko 63 na minti 30, masu yogot ma suna hawa 85 zuwa 90 don ya yi kauri. Ɗanyen nonon da ake kawowa daga ruga yana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale mai sa shanu ɓari wadda take kama mutum, kuma waye ke shan yogot ɗin nan in ba yaran makaranta da masu azumi da marasa lafiya a gadon asibiti ba.

Alhaji ya kawo hujja mai kyau, ya ce ai kai ka ce ƙasa take nunawa, to in ta ce 85 madarar ta wuce haka kenan, ina matsalar? Matsalar tana lokacin da zafi ke faɗuwa. In an ɗauke wuta ko boila ta yi rauni madarar da ke shigowa nan take take hucewa, amma bangon fayif da guntun ƙarfen sensar da rufin da muka lafta mata duk sun riƙe zafi, sai allon ya ci gaba da nuna tsohuwar lamba yana saukowa a hankali, a daidai wannan lokacin sama take nunawa, madarar kuwa cikin daƙiƙoƙi take wuce bututun ta faɗa tanki. Ga ƙanzon madara da ke taruwa a cikin bango yayin da aiki ke tafiya, lambar safe da ta yamma ba za su zama abu ɗaya ba. Ga kuma ita sensar mai daraja ta B ce a matakan daidaiton Pt100, ƙa'idarta ta yarda ta kauce da fiye da rabin digiri a wajen 72 tun kafin a zo maganar fayif. Ga ɗamarar da in ta saki kaɗan babu mai sani tunda tana ƙarƙashin rufi. Haɗa duka waɗannan a kan abincin mutane, ni hannuna baya ciki. A nan sensa mai shiga cikin madarar irin ta kayan abinci ake sakawa a bakin fitar bututun, a tsaya wuni guda a yi waldar da kyau. Alhaji mutumin kirki ne, ya yi shiru ya ce a yi hakan. Ita ta ɗaurawar sai muka mayar da ita layin sanyaya madara inda ake so ta sauko 42 zuwa 45 kafin a zuba irin yogot mai sa madarar ta kama, nan in ta kauce da digiri ɗaya yogot ne zai ɗan jinkirta kamawa, ba ran kowa a ciki.

Ƙorafina a kan ita kayan kanta, ɗamarar ita ce mafi rauni, siririya ce sukurunta yana cin zare in ka ɗaure da ƙarfi, kuma da fayif ya yi zafi ya huce ya yi zafi ya huce sai ta saki, na maye gurbinta da kilif na sitenles mai kauri daga Ƙofar Ruwa. Bakin da waya ke shiga sensar ba a toshe shi da kyau ba, a wurin da ake wanke ƙasa da tiyo kullum ruwa zai shiga, sai da na bi shi da silikon. Allon baya son wutar da ke hawa da sauka lokacin da ake juyawa daga layi zuwa janareto, yana ɗaukewa ya dawo, amma dai baya manta saitinsa, wannan na yaba. Babu man shafawa a kwalin, babu rufi, takardar bayanin kuma guntuwa ce da wani irin Turanci da sai ka yi ta hasashe. Lanƙwasar guntun ƙarfen kuma girman fayif ɗaya aka yi wa ita, in ka ɗora ta inci biyu a kan inci ɗaya to layi ɗaya siriri ne kawai ke taɓawa sauran duk iska, kuma mai shago ba zai tambaye ka girman fayif ɗinka ba in ba kai ka faɗa ba.

Akwai manyanta na gaske ga mai hali. Kamfanin Emerson yana da Rosemount X-well, ita tana auna zafin bayan fayif da zafin wajen da take, a shigar mata da irin ƙarfen da kaurin bangon, sai ta lissafa zafin da ke ciki, ABB ma suna da tasu TSP341-N mai sensa biyu da take cire tasirin iskar waje. Wato wancan gibin da mu muke toshewa da auduga da man firosesa su da lissafi suke cike shi, duk da haka su ma fayif ɗin ƙarfe da ruwa mai gudu suka fi so kuma ana rufe su. Da dala ake sayensu a jira a kawo, kuma saita su sai da na'urarsu, masu matatar mai da manyan kamfanonin lemo su ne 'yan kasuwarsu. Ƙaramin kamfani a Sharada ko Challawa ko Bompai da kuɗin guda ɗaya zai saka tamowel masu yawa ya yi canji.

Wanda nake ganin ta dace da shi shi ne mai layin ruwan zafi ko na sanyi ko na tururi a fayif ɗin ƙarfe da yake son sa ido ya ga hawa da sauka, masu otal da asibiti masu hita ta sola, masu ƙanƙara, masu rini da jima da ke son sanin zafin ruwan da ke zuwa tanki, da duk wanda tsayar da layinsa zai yi masa tsada. In zaka je saye ka auno girman fayif ɗinka tun daga gida, ka tambayi mai daraja ta A, wadda ta fi ta B daidaito, in akwai, ka ƙirga zaren wayar a gabansa su cika uku, ka duba ko allon Pt100 yake karɓa don wasu na tamokoful ne kawai, wata irin sensar zafi daban, kuma kamanninsu ɗaya, sannan ka sa kuɗin kilif da rufi da man shafawa a lissafi tun farko don kusan dole ne ka saye su daban.